Ka Bar Wa Makullinka Hanya

A unguwarmu ta Coche, duk wanda ya taɓa asarar kuɗin cefane a kan doki ya san muryar Eleazar Pirela. Shi ne mai gwanjon dawaki a shagon Doña Zoraida, kuma ba yau ya fara ba. Ranar sukuwa yakan tsaya gaban allo da alli a hannu, ya jera sunayen dawakin da za su fita, ya shiga yi musu gwanjo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi taya doki, shi ke da shi a wannan tseren. In dokinsa ya zo na ɗaya, ya kwashe abin da aka tara bayan Zoraida ta cire na shago. Dokin yana can fili bai ma san ana yi ba, mu muna nan kamar mu cinye juna a kansa.

Eleazar mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: kunnensa ba ya jin komai sai doki. In ka ce masa hadari ya haɗu, ba shanyar da ke waje zai tuna ba, sai dai wace goɗiya ce ke son laka. Marigayiya matarsa ta sha faɗa masa cewa da a barga aka ɗaura musu aure, da ya fi riƙe ranar.

Ɗa ɗaya ta bar masa, Yorman, ɗan firit mara nauyi, kamar don sirdi aka halicce shi. Yaron ya zama mahayi, kuma mahayi na gaske. Tare suka taso da Deivis, ɗan maƙwabta, tare suka shiga koyon hawa, tare suka sha yunwa don kada su yi ƙiba. Kullum da asuba za ka ji Deivis a bakin ƙofa yana cewa, "Baba, makullina ya tashi?" Haka muke kiran amini a nan, wanda ka yarda da shi ka buɗe masa cikinka. Sai dai tauraron Yorman ya haska, na Deivis bai haska ba. Ɗaya ana ba shi manyan dawaki, ɗayan yana hawan abin da aka rage.

Abin alfaharin Eleazar a duniya ɗaya ne, kuma ya ishe mu da shi: ɗansa bai taɓa riƙe doki da gangan don kada ya ci tsere ba. Magana ce mai nauyi a wannan zamanin, don kowa ya san akwai mutanen da ba sa son caca ta zama caca. Su sun fi son su san mai cin tsere tun kafin a ɗaura sirdi. Ba a kiran sunansu da ƙarfi. Amma mun ga Pastor Mujica, mahayin da ya ci tseren da aka ce kada ya ci, yanzu yana sayar da jarida a bakin tasha da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Gani ga wane, ai ya ishi wane tsoron Allah.

Ranar Juma'a da la'asar aka baje mujallar sukuwa a tebur kamar yadda aka saba, ana gardamar babban tseren Lahadi. Gardamar ma ba ta da daɗi, don kowa ya san inda za a je. Cocuyo, akawal ɗin nan baƙi ƙirin da Yorman zai hau, ya ci tserensa na baya yana waige, kuma masu zuwa kallon atisaye sun ce sai da aka yi da gaske kafin a tsayar da shi. Wani ya kawo zancen kili, farin dokin da aka kawo daga Valencia, Eleazar ya ce wannan gudun farko gare shi, kafin kwanar ƙarshe zai fara neman uwarsa. Aka taɓo Guacharaca, goɗiyar da ta fito barga ɗaya da Cocuyo, ya ce tana da zuciya amma sai an yi ruwa. Da aka zo kan Papelón, dokin da aka ba Deivis, sai aka yi dariya kawai. Zoraida ta ce wannan ai ya fi dacewa da jan amalanken kayan miya.

Ana cikin haka ne dariyar ta ɗauke daga bakin ƙofa, ta yi ta ɗaukewa har ta iso teburinsu. Catire Ovalles ne ya shigo, ɗaya daga mutanen nan da ba sa son caca ta zama caca. Mutum ne fari, mai tsafta, mai sanyin murya, kullum da rigar da aka goge har tana ƙyalli. Ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu. Shi ya sa ma ake tsoronsa. Ya gaida Zoraida, ya tambayi ciwon ƙafarta, ya ja kujera ya zauna dab da Eleazar kamar sun saba.

"Don Eleazar, ashe har yanzu nan kake zama ranar Juma'a. Kusa da taga."

Eleazar ya ce nan ne.

"Yaronka yana ƙoƙari, wallahi muna jin daɗinsa. Ka gaishe shi. Ka ce masa ranar Lahadi ya bar wa makullinsa hanya."

Ya shanye kofinsa, ya biya har da na tebur, ya fita. Mutane suka yi ta kallon mujalla kamar yau suka fara ganin rubutu. Ba wanda ya ji abin da aka faɗa sai Eleazar, kuma ba wanda ya tambaya.

Eleazar ya kama hanyar gida. Yana tafe yana ganin yatsun Pastor Mujica. Amma kafin ya kai kwanar gidan burodi sai ya tsaya cak, ya daki goshinsa, har ya yi 'yar dariya shi kaɗai. Ai Cocuyo da Guacharaca makulli ne. In mutum ɗaya ya shigar da dawaki biyu a tsere ɗaya, haka ake kiransu, kuma a caca doki ɗaya ake lissafa su: ka sayi ɗaya ka sayi biyun, kowanne ya ci kai ka ci. To mene ne a ciki? Ana so goɗiyar ta ci ne don ta yi daraja wajen kiwo. Ba wanda za a cuta, ba kuɗin talakan da zai salwanta, ba sunan da zai ɓaci. In goɗiyar ta gaza, Cocuyo ya wuce, duk kanwar ja ce. Eleazar ya sayi burodi ya ƙarasa gida da sauƙin zuciya.

Ni dai har gobe ina jin haushinsa a nan. Mutumin da ake kiran ɗansa makulli a ƙofar gidansa kowace safiya. Amma na faɗa muku ciwonsa, kuma mai jin tsoro, in ya ga ƙofar da ta fi sauƙi, ba ya tambayar ina ta nufa.

Da safiyar Asabar ya isar da saƙon yana gasa arepa, wainarmu ta masara, cikin raha, har yana cewa manya sun ƙyasa goɗiya. Yorman, wanda ba ya cin komai in tsere ya gabato sai baƙin kofi, ya ajiye kofin a hankali. Bai tambayi me aka ce ba. Ya tambayi a ina mutumin ya same shi, da wa da wa ke wurin, kuma ko ya kira shi da suna. Da ya ji amsa sai ya juya ya kalli tagar kicin. Can ya yi dariya ya ce, "To, Baba, an ji. Goɗiya ce, ko? Shi ke nan." Ranar Lahadi da zai fita ya tsaya a ƙofa ya nemi albarka kamar kullum, uban ya ce Allah ya yi masa albarka, ya yi masa alamar gicciye a goshi. Yaron ya ɗan daɗe bai ɗago kai ba. Eleazar ya ɗauka nauyin babban tsere ne.

Shagon ya cika maƙil tun kafin azahar. Hayaƙin taba, ƙanshin soyayyen empanada mai nama a ciki, talabijin biyu suna ta ihu a bango. Rana ƙwal, ba ko alamar hadari, wato Guacharaca ba ta da rabo. Eleazar ya sayar da ƙananan tsere cikin nishaɗi, yana yi wa masu taya ba'a, yana ce wa wani tsoho ya taya da ƙarfi ko matarsa ce ta riƙe jakar. Da aka zo babban tsere sai ga Catire Ovalles ya shigo da mutum biyu. Aka ba su teburin gaba ba tare da sun nema ba.

Eleazar ya fara da makulli, Cocuyo da Guacharaca a haɗe. Aka yi ta tayi har kuɗi ya yi sama. Yana yi yana satar kallon teburin gaba, yana jiran hannun Ovalles ya ɗaga, tunda goɗiyar da yake so ta ci tana ciki. Hannun bai motsa ba. Wani mahauci ya saye. Eleazar ya rubuta sunansa a allo, allin ya ɗan karkace. Ya sayar da kilin Valencia, ya sayar da sauran, Ovalles yana zaune yana juya cokali a kofi.

"Saura Papelón," in ji Eleazar. "Wa zai taimaka wa marayan Allah?"

Aka yi dariya. Wani ya taya kuɗin giya ɗaya. Sai Ovalles ya ɗaga yatsa, ya faɗi kuɗin da ya ninka na Cocuyo, a hankali, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Shagon ya yi tsit. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Ba don ɗan abin da ke allon Zoraida ya yi ba. Irinsu suna da yara a kowane shagon caca na birnin. Wannan nuni ne kawai. Wasu suka fara zamewa waje da waya a kunne. Mahaucin da ya sayi Cocuyo ya yi fari fat. Daga can baya wani mashayi da bai fahimci komai ba ya ɗaga kwalba ya ce, "Kai, yau Deivis ya samu masoyi! Makullin ɗanka fa, Eleazar, ka yi murna mana."

Kalmar ta shige shi kamar allura. Ya tsaya da alli a hannu, yana jin muryar Deivis a bakin ƙofa da asuba. Ba goɗiya ake nufi ba. Ba a taɓa nufin goɗiya ba. An ce Cocuyo ya faɗi, Papelón ya ci, shi kuma da bakinsa ya je ya gaya wa ɗansa wani abu dabam. Yaron zai duba bayansa a kwanar ƙarshe, ya ga goɗiyar ta gaza a busasshiyar ƙasa, ya saki akawal ya wuce kowa, yana ganin ya cika umarni.

Bai san yadda ya rubuta sunan a allo ba. Ya shiga bayan kanta, ya ciro waya, ya danna lambar ɗansa. Wayar Yorman a kashe. Dole ta kasance a kashe: tun safe ake karɓe wayoyin mahaya a kulle su a ɗakinsu, ba mai shiga ba mai fita sai an gama. Shi da kansa ya sha yabon wannan doka a gaban mutane. Ya kira wani mai share barga da ya sani, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Zoraida ta dube shi ta ce lafiya, ya ce mata ta riƙe allon, zai hau babur ya je filin, ko ta shinge ne ya yi wa yaron ihu. A talabijin an riga an fito da dawaki ana zagayawa da su.

Bai kai ƙofa ba ɗaya daga mutanen Ovalles ya miƙe, ba da gaggawa ba, ya tsaya a hanya yana murmushi.

"Don Eleazar," in ji Ovalles, yana shafa kujerar da ke gefensa. "Ina za ka ana shirin tashi? Zo mu kalla tare. Yau ranar ɗanka ce."

Eleazar ya zauna. Me zai yi? Ya so ya ce an samu kuskure, laifinsa ne, tsufa ne, a hukunta shi shi kaɗai. Ya buɗe baki, Ovalles ya ɗora masa hannu a gwiwa ya ce ya bari a ga tseren tukuna. Hannun yana da sanyi, kuma bai ɗauke shi ba.

Aka buɗe ƙofofi. Kilin Valencia ya yi gaba kamar yadda Eleazar ya faɗa, Cocuyo na biye da shi a jikin shinge, yana jan linzami don ƙarfi ya yi masa yawa. Guacharaca tun a miƙaƙƙiyar hanya ta farko ta fara ja da baya. Papelón yana can tsakiya ana ta dukansa. Tun da yaron nan ya fara hawa, Eleazar bai taɓa kallon tserensa a zaune ba. Yakan hau kujera yana kaɗa yatsu yana ihu har muryarsa ta dushe. Yau ga shi zaune, yana roƙon Allah da Budurwa Maryamu da ran matarsa su karya gudun dokin ɗansa. Ya roƙi akawal ya yi tuntuɓe. Sai ya tuna abin da tuntuɓe ke yi wa mahayi, ya janye, ya rasa ma me zai roƙa.

Kafin kwanar ƙarshe kili ya gaji. Cocuyo ya wuce shi ba tare da an taɓa shi da bulala ba, ya shiga gaba shi kaɗai. Shagon ya ɗauki ihu, masu ƙananan tikiti suna buga tebur suna kiran sunan Yorman. Yatsun da ke gwiwar Eleazar suka ɗan matsa. Ya ji fitsari na neman kufce masa, tsoho da shi.

A tsakiyar kwanar sai akawal ya buɗe. Ya bar jikin shinge ya yi waje, ya yi waje, kamar dokin da kwana ta fi ƙarfinsa, har ya kai tsakiyar fili. Ta ramin da ya bari Papelón ya kutso, Deivis kwance a wuyansa yana duka ba ji ba gani. Yorman ya dawo da dokinsa, ya zaro bulala, ya biyo su da gudu mai ban tsoro, irin wanda ke sa a ce mahayi ya yi iya yinsa. Papelón ya riga shi da tsawon wuya.

Abin da aka zagi Yorman a shagon nan ba ya faɗuwa. Mahaucin ya ce ɓarawo ne ɗan ɓarawo, a gaban uban. Eleazar bai ji zafi ba ko kaɗan, daɗi ma ya ji, kamar ana yi masa kiɗa. Ovalles ya ɗauke hannunsa, ya gyara rigarsa, ya ce doki dabba ne, wata rana sai ya ƙi kwana. Ko kuɗin allon bai tsaya karɓa ba, ya bar wa yaransa. Da aka maimaita tseren a hankali, Eleazar ya kalli kwanar sau ɗaya, ya ga abin da hannun daman ɗansa ya yi da linzami, ya kau da kai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon hannun mahaya. Ya ce wa kansa dokin ne ya buɗe, Allah ne ya ji roƙonsa.

Rana na shirin faɗuwa Yorman ya dawo. Deivis ne ya kawo shi a babur, amma bai shigo ya nemi albarka ba kamar yadda ya saba, ya juya ya tafi ko waige babu. Eleazar ya tari ɗansa a tsakar gida, ya kama hannayensa biyu yana juya su, yana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Magana ta yi ta zubo masa: yadda ya juya saƙon, yadda ya kusa kashe shi da wautarsa, yadda Allah ya sa dokin ya ƙi kwana a daidai lokacin da ake bukata. Ya ce gobe zai kai kyandir coci.

Yorman ya bar shi ya gama. Ya zauna a bakin matakala, ya cire takalmi. Fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya yi jinya.

"Baba, Cocuyo bai taɓa ƙin kwana ba. Kai ma ka sani."

Ya ajiye takalmin a gefe, ya ci gaba.

"Tun a kicin na gane. Makulli nawa gare ni?"

Sannan ya faɗa masa sauran, ba tare da ya ɗago ba. Ba wannan ne karo na farko ba. Tun bara mutanen nan suke tare shi, a wurin ajiye motoci, a bakin barga, har cikin shagon aski. Sun yi masa tayin kuɗi ya ƙi. Sun ambaci Pastor Mujica, ya ce yatsunsa ne, su zo su ɗauka, kuma ya ci tseren a gabansu. Bai taɓa gaya wa uban ba don ya san ba zai ƙara barci ba.

"To me ya sa ba su same ka ba wannan karon?" in ji Eleazar. "Me ya sa suka ba ni saƙo, ni da zan iya juya shi?"

"Ko ka juya, ko ka manta, duk ɗaya ne a wurinsu. Ba ruwansu da abin da za ka faɗa min." Ya ɗago ya dubi uban, idonsa jawur. "So suke in ji cewa sun zauna kusa da kai, sun san kujerarka, sun san tagarka. Ba saƙo suka ba ka ba, Baba. Kai ne saƙon."

Eleazar ya nemi bango ya jingina. A waje yara suna ƙwallo, wata maƙwabciya tana kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Ya tuna duk ranakun da ya tsaya gaban allo yana bugun ƙirji cewa ba a haifi mai sayen hannun ɗansa ba. Gaskiya ya faɗa, ba a saya ba. Ta wurinsa aka bi aka karɓa kyauta.

Can ya ce zai daina zuwa shagon. Zai bar gwanjon, ya zauna a gida, ko ya tafi wurin ƙanwarsa a ƙauye.

"Sun san gidan Gwaggo," in ji Yorman. "Sun faɗa wa Deivis launin ƙofarta."

Ya tashi ya ɗauki takalmansa zai shiga ciki. A bakin ƙofa ya tsaya, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ce, "A sa min albarka, Baba. Lahadi mai zuwa ma ina da hawa."

Eleazar ya ɗaga hannu zai yi masa alamar gicciye. Har yanzu da farin alli a yatsun.